Sayar da Anime Kashi-Kashi Ko Karɓar Kuɗin Wata: Amsa Ga Ƙanenmu Mai Shagon Turi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanenmu mai shagon caji da turi a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina ya yi tambaya shekaranjiya, na ga an bar shi da amsoshi guntu-guntu, shi ya sa na ce bari in zauna in ba shi tawa a tsanake. Abin da ya ce shi ne, ɗalibai sun dame shi da neman anime, wato katun ɗin nan na Japan, har yana tunanin buɗe tasha a Telegram ya riƙa sayarwa. To, ya sa wa kowane kashi kuɗinsa ne, kamar naira 100, mutum ya biya ya sauke a wayarsa, ko kuwa ya riƙa karɓar kuɗin wata, wanda ya biya ya kalli duk abin da ke ciki?

Ƙanena, in dai tsakanin waɗannan biyun ne kawai, kuɗin wata ya fi, nesa ba kusa ba. Amma akwai wata magana da ke ƙarƙashinsu duka wadda ta fi su nauyi. Zan zo kanta, kuma ina roƙonka ka daure ka karanta har can.

Duka hanyoyin biyu akwai su a wajen manyan kamfanoni. Apple da Amazon suna sayar da shiri kashi-kashi, kuma farashin da aka saba gani a Amurka shi ne dala 1.99 ga hoto na yau da kullum, dala 2.99 ga mai tsabta sosai. Crunchyroll, manhajar kallon anime, da Netflix kuwa kuɗin wata suke karɓa. Abin da ya karya sayen kashi-kashi a harkar anime shi ne tsayin labaran. Kashi ɗaya minti 23 ne zuwa 24, zango ɗaya na sababbin shirye-shirye yakan zama kashi 12 ko 13, wannan da sauƙi. Amma ba su ne yaranmu suka fi nema ba. Naruto kashi 220 ne, ci-gabansa kashi 500, jimilla 720. One Piece tun 1999 ake yinsa, ya haura kashi 1,100 kuma labarin bai ƙare ba. Lissafa da farashin da ka yanka: 720 sau naira 100 ya kama naira 72,000. Wane ɗalibi ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Hassan Usman zai fitar da wannan a kan katun? Zai saye kashi biyar ko goma, ɗanɗano ya kama shi, daga nan ya tafi neman sauran a inda ba a biya. A kuɗin wata kuwa tsayin labarin riba ne a gare ka, domin wanda ya kai kashi na 80 ba ya son a rufe mashi ƙofa a ƙarshen wata, sai ya sake biya.

Sai maganar mallaka, wadda a nan ne mai sayen kashi-kashi yake ganin ya fi. Yana ji a ransa cewa ya saya, ya zama nasa, ba kamar mai biyan wata ba da komai ke ɓacewa ranar da kuɗinsa suka ƙare. Haka ne cewa ko a Netflix ko Crunchyroll, abin da ka sauke a cikin manhajarsu yake zaune, ba ka iya fitar da shi, kuma yana da wa'adi. Amma shi ma wanda ya saya a wajen waɗancan kamfanonin a kulle ake ba shi, izinin kallo ya saya. An ga haka ƙarara a ranar 2 ga Afrilun 2024, da aka rufe Funimation, wata manhajar kallon anime, aka mayar da masu amfani da ita Crunchyroll. Mutanen da suka sayi faya-fayai suka samu kwafin intanet tare da su, aka shaida masu cewa waɗannan kwafin ba za su bi su sabon gida ba. Microsoft ma ya daina sayar da fina-finai da shirye-shirye a Yulin 2025, ya bar wa waɗanda suka riga suka saya nasu kawai.

Kai kuwa ba ka da wannan makullin. Abin da za ka miƙa wa mutum fayil ne buɗaɗɗe, kuma kai ka fi kowa sanin abin da ke faruwa da fayil buɗaɗɗe a garin nan, tunda turi ne sana'arka. Mutum ɗaya ya biya naira 100, kafin la'asar Xender ya raba wa duk 'yan ɗakinsu, gobe ya shiga memorin wani mai turi a Babbar Kasuwa, jibi ya isa Daura da Dutsin-Ma. Ka sayar sau ɗaya, an kalla sau ɗari. Wannan ciwon ne ya kashe kasuwar faifai a Kannywood, har masu shirya fim suka koma dogon zango a YouTube suna jiran kuɗin talla. A tashar kuɗin wata kuwa, Telegram yana ba ka damar hana turawa da adanawa. Mai naci zai iya ɗaukar hoton fuskar wayarsa, amma wahalar yin haka ga kashi ɗari tana rage ɓarnar sosai.

Karɓar kuɗi ma da bambanci. Naira 100 sau hamsin a yini yana nufin duba alat hamsin, da mai cewa ya turo bai shigo ba, da mai kawo rasit na bogi, kai kuma ga masu caji suna tsaye a gabanka. Kuɗin wata sau ɗaya ne, ka rubuta suna da ranar ƙarewa a littafi, shi ke nan.

Inda kashi-kashi ya ɗara shi ne data da kuma nauyin alkawari. Tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa lissafin megabait yake yi. Wanda ya sauke sau ɗaya zai maimaita kallo ko babu sabis, ko a ƙauye yake, mai kallo a intanet kuwa duk maimaici kuɗi ne. Sannan in ka sayar da kashi ɗaya, ciniki ya ƙare a nan, ba wanda ke binka komai. Amma ranar da ka karɓi kuɗin wata, ka ci bashin mutane ke nan na kwana talatin. Masu bin sabon zango sun san Crunchyroll yakan saki kashi kamar awa ɗaya bayan an nuna shi a Japan, ba za su yi maka uzurin rashin wuta ko rashin lafiya ba. In kuma aka wayi gari an rufe tashar a tsakiyar wata, fuskarka suka sani, shagonka za su zo.

Wannan rufewar ita ta kawo ni ga maganar da na ce tana ƙarƙashi. Ƙanena, kayan ba naka ba ne. A Japan, yawancin anime wani kwamiti ne ke mallakarsa, inda masu buga littafin labarin da gidan talabijin da masu kayan wasa da sauransu suke haɗa jari, su kuma suke sayar da lasisi ƙasa-ƙasa. Ka duba girman kuɗin da ke ciki: a 2021 Sony ya biya dala biliyan 1.175 ya sayi Crunchyroll. Masu irin wannan jarin ba sa barci. KissAnime, da ya kasance cikin manyan shafukan kallo ba izini a duniya, ya rufe a Agustan 2020, Aniwave ya bi shi a Agustan 2024. Tashar Telegram kuwa ƙorafin masu kayan zai iya sa a toshe ta. A gida ma, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ta shigo da abin da ake ɗorawa a intanet a fili, ta kuma tanadi hanyar tilasta sauke shi. Na ga wani ya ba ka shawarar ka ɗora muryar Hausa kamar yadda ake yi wa fina-finan Indiya, wai sai ya zama naka. Ba ya zama. Fassara ma haƙƙin mai abu ce, sai da izininsa.

Kuma ka lura da bambancin turi a shago da sayarwa a intanet. Ba ina wanke turin shago ba ne, shi ma da sauran magana. Amma a intanet kai da kanka za ka manna lambar asusunka a bainar jama'a, asusun da ke ɗaure da BVN da NIN ɗinka, kusa da jerin kayan da farashinsu. Shaidar da za a nema a kanka, kai ka rubuta ta.

Ko da babu wanda zai kama ka, mu da muka tashi a garin malamai mun san hadisin Hakim ɗan Hizam, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum sayar da abin da ba ya wajensa. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Masu zanen nan mutane ne da ke kwana a kan tebur, da yawansu a kan ƙaramin albashi. Zanen aro ba ya rufe katara, balle wanda ba a ma ara maka ba. Ina faɗa maka haka ne don na san neman halak ya fitar da kai daga gida.

Wani abu a gefe, tunda yara ma za su zo: ba kowane anime ne na yara ba. Akwai masu zubar da jini sosai, akwai masu tsiraici, kuma iyaye da yawa a nan suna ganin zane sai su saki jiki. Duk abin da za ka yi a wannan harka, ka san abin da ke ciki kafin ya shiga wayar ɗan mutane.

To me za ka sayar? Abin da ka gano gaskiya ne, akwai matasa masu son wannan abu a Katsina kuma ba mai yi masu magana da harshensu. Sharhi da Hausa naka ne: ka zauna ka warware labari, ka bayyana wane ne wane, ka ba da ra'ayinka, da muryarka da fuskarka, ba tare da kwaso dogayen yankuna na fim ɗin ba. YouTube yana fara raba kuɗin talla idan ka kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Sai babbar hanya, wadda na fi so maka ko da za ta ɗauki lokaci: ka haɗa kai da yaran da suka iya zane, ku yi naku. Manhajojin zane irin su Blender da Krita da OpenToonz duk kyauta ake sauke su. Labari kuwa ba mu rasa ba. Ga Bayajidda da Daurama da macijin rijiyar Kusugu, ga Gizo da Ƙoƙi, ga tarihin Gobarau da ganuwar birni, babu kwamitin da zai hana ku taɓa su. A 2024 Disney ya fitar da katun da aka gina labarinsa a kan Legas tare da kamfanin Kugali na matasan Afirka, ka ga ana neman irin wannan.

A nan kuma kwatancen juyawa yake yi. Idan kayan naka ne, kada ka fara da kuɗin wata. Crunchyroll yana iya karɓarsa ne don yana da dubban kashi a ajiye da sababbi kowane mako. Ku kuwa minti biyar na zane mai motsi zai iya cin makonni, ba za ku iya cika alkawarin mako-mako ba, kuma ba wanda zai biya wata don kashi uku. Sayarwa ce ta dace da ku, amma zango-zango, don rage wahalar alat da na ambata. Ku gama kashi shida gajeru tukuna. Na farko ku sake shi kyauta a YouTube da TikTok da Facebook, sauran biyar ku haɗa su a farashi ɗaya ta shafin biyan kuɗi irin Selar ko Paystack, inda mutum zai biya ya sauke ba sai kun duba alat ba. Turi zai ci ku kamar yadda ya ci kowa, saboda haka ku sa farashin ƙasa yadda biya zai fi sauƙi a kan yawon nema, ku buga sunanku da lambarku a kusurwar hoton don duk inda ya je ya yi maku talla, ku kuma nemi ɗan kasuwa ɗaya ko biyu a gari su sa tallarsu a ciki tun kafin fitarwa, yadda kuɗin aikin zai dawo ko da an raba shi a Xender. Masu turi 'yan'uwanka kuwa ka je masu da kanka kafin ranar saki, ka ba su kwafi a kan sari, su sayar a shagunansu su cire nasu kason.