Injin tace ruwa mai wuta ko bokitin kyandir? Ga wanda za ki saya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin tambaye ni wanne za ki saya don tace ruwan sha, injin tace ruwa mai wuta ko bokitin kyandir. Bokitin kyandir za ki saya, wato bokitin nan mai tace ruwa ta jikin sandunan yumɓu da ake kira kyandir, ki haɗa shi da kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, injin nan mai wuta kuma ki bar wa mai shago kayansa. Tunda kin ce famfon garin da aka mayar da ku sau biyu yake zuwa a mako, kuma ranar da ya zo sai ya fara zubo da ja kafin ya washe, to zaɓin ba mai wahala ba ne. Duka biyun sun shiga gidana. Ɗaya yana kicin yana aiki har yau, ɗayan yana sito cikin kwalinsa.

Jan da kike gani, wani tsatsar bututu ce, wani laka ce. Tsatsar ba ta dame ni sosai ba, ɗanɗano take ɓatawa da fararen kaya. Lakar ce abin tsoro, domin tana nuna cewa wani abu daga waje yana shiga bututun. Bututun da ruwa ke cike a cikinsa kullum, ko ya tsage, waje yake feso ruwa. Amma wanda ake ɗauke wa ruwa kwana da kwanaki, da zarar ya zama fanko sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wurin tsagar, kamar yaro na zuƙar lemo da tsinke. Ki duba unguwarku ki ga ta ina bututan roba suka bi. A yawancin ƙananan garuruwanmu ta cikin kwata suke ratsawa, an ɗaɗɗaure inda ya fashe da robar taya. Ko da an zuba magani a ruwan tun daga tanki, kafin ya iso ƙofar gidanki ya gamu da abin da ya gamu da shi. Balle ma famfon ƙananan garuruwa da yawa daga burtsatse ake tura shi tanki, daga tanki sai bututu, babu wani magani a tsakani. Don haka matsalarki ƙwayoyin cuta ce da laka: taifod, amai da gudawa, zawon yara, shawara. Wannan aikin bokitin kyandir ne.

Nawa surukata ce ta ba ni, Allah ya jiƙanta, lokacin da aka yi wa maigidan canjin wurin aiki zuwa hedikwatar wata ƙaramar hukuma. Na silba ne mai hawa biyu, kyandir biyu a hawan sama, ɗan famfo a na ƙasa. Ta ce mini ruwan baƙon gari sai an yi masa ladabi kafin a ba yara. Ina cika shi bayan sallar isha'i, da asuba in tarar da na ƙasa ya taru, garau, ga sanyi in lokacin hunturu ne. Ranar da na fara cire kyandir ɗin don wankewa na ga abin da ya manne a jikinsa, wani yauƙi mai ruwan ƙasa da ya rufe farin gaba ɗaya, alhali ruwan da nake zubawa ido bai ga komai a cikinsa ba. Na kira maƙwabciyata ta zo ta gani da idonta, ba a yi nisa ba ita ma ta aika birni aka sayo mata.

Daminar 2021 ce ta sa na ƙara riƙe shi hannu biyu. Shekarar da kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin inda abin ya fi tsanani. Garinmu ma bai tsira ba. Matan layinmu masu ƙananan yara suka riƙa aiko da buta da galan ana ɗiba musu, bokitin bai huta ba dare da rana. Tsarewa ta Allah ce, amma na ga amfanin sababi a wannan damina, kuma duk wannan hidima bai nemi wutar Nepa ko ta minti ɗaya ba.

Kyandir ɗin yumɓu ne da aka gasa, ƙofofin jikinsa ƙanana ne ƙwarai, ruwa yana tsattsafowa ta ciki, laka da yawancin ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki suna maƙalewa a waje. Ba ya sauri. Kyandir ɗaya kan ɗigo da kamar lita 1 a awa, in ruwan da laka ma ƙasa da haka, shi ya sa ki nemi mai kyandir biyu zuwa sama in gidan da yawa. In ruwan ya zo jajir kada ki juye shi kai tsaye, ki bar shi ya kwana a baho, ko ki kaɗa masa ɗan alif ko garin 'ya'yan zogale ya kwanta, ki tsiyaye na sama ki zuba. Alif sa ruwa ya washe kawai yake yi, ba ya kashe cuta, kada wani ya ce miki ya wadatar. In ɗigon ya ragu sai ki kwance kyandir ki goge shi da sabon soso ko buroshi da ruwa mai tsabta, ba sabulu ba omo, ki kula kada ruwan wankin ya shiga ta bakinsa na ƙasa. In kuma kika ga ruwa yana sauka da gudu fiye da yadda ya saba, ba abin murna ba ne, ko kyandir ya tsage ko robar gindinsa ta saki. Wanda ya tsage ba a liƙe shi, sai dai a sake.

Akwai abin da yake wuce shi, shi ya sa na ce ki haɗa da kulorin. Ƙwayoyin bairos, irin masu kawo shawara da wani zawon yara, sun fi ƙofofin kyandir ƙanƙanta. Kulorin yana kashe su. Shi kuma kulorin akwai wasu ƙwayoyi masu taurin ɓawo da ba ya iya musu sosai, amma girmansu ya sa kyandir ke tare su. Kowanne yana toshe inda ɗan'uwansa ya bari. Ki fara tacewa, ki tara a jarka mai murfi, sannan ki sa maganin. Kada ki juya tsarin, saboda wasu kyandir ɗin akwai gawayi a cikinsu mai shanye kulorin, kuma ruwa mai laka cinye maganin yake yi tun bai yi aiki ba. WaterGuard na ruwa ko ƙwayar Aquatabs, duk wanda kika samu a kemis ya yi. Ki bi ma'aunin da ke jikin kwalba ko takardar, don ƙwayoyin girma-girma ne, ki girgiza, ki jira minti 30. Ɗan warin da za ki ji alama ce maganin yana nan yana gadin ruwan, in ya dami yara ki bar shi ya kwana a rufe, zai ragu. Ni da rani wani lokaci tacewa kawai nake yi, amma daga saukar ruwan farko har kaka ba na fashin kulorin, haka duk lokacin da aka ce amai da gudawa ya ɓulla. Ruwan da za a dama wa yaron da aka fara ba abinci kuwa ki tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka. Wanda bai kai wata 6 ba nono ya ishe shi, kada a ɗura masa ruwa ko wane iri ne.

Injin kuma, gaskiya yana tacewa, har gishirin ruwa yake cirewa. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Yana son wuta, yana son ruwa mai ƙarfi a bututu kullum, yana zubar da ninkin abin da ya tace sau biyu ko uku ko fiye ta bututun baya, kuma laka tana toshe matatansa nan da nan. A garin da kike sayen jarka wurin 'yan garuwa ranar da famfo bai zo ba, wa zai yarda a zubar masa da ruwa haka? Nawa da ya tsaya, babu mai gyara a garin, matatar canji sai an aika birni, kuɗinta kuma ya isa ya sayi kyandir na shekaru. An ƙera shi ne don gidan da ke da tankin sama da famfon tura ruwa da sola ko janareto.

Wuri ɗaya ne zan janye maganata, kuma ina so ki karanta nan da kyau. Kyandir da kulorin da tafasawa duk ba sa cire sinadarin da ya narke a ruwa. Tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take yi, tunda ruwan ke tashi ya bar shi. Garin Tibiri da ke kusa da Maraɗi a Nijar ya ga wannan. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara ba garin ruwan famfo daga wata burtsatse mai zurfi, ruwa garau, mutane suna murna. Ashe fuloraid ɗin da ke cikinsa, wani sinadari da ke narkewa a ruwan ƙasa, ya ninka ƙa'ida, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a miligiram 1.5 cikin kowace lita. Sai bayan fiye da shekara 10 aka gane, lokacin haƙoran yara sun rine, ɗaruruwa ƙafafunsu sun lanƙwashe, wasu nakasar har abada. A Najeriya ma an san yankin Langtang a Filato da Kaltungo a Gombe da yawan fuloraid a ruwan ƙasa. Don haka ki kalli bakin yaran da aka haifa a garin suka tashi a nan. In kika ga da yawansu haƙoransu da ɗigo-ɗigon fari fat ko ruwan ƙasa, ba na goro ba, ba na rashin asuwaki ba, to ki tsaya. Haka in ruwan yana da zartsi sosai, ko ana haƙar ma'adinai ana wanke zinariya kusa, mun san abin da gubar dalma ta yi wa yaran Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010. Haka in burtsatsen tana dab da masai ko gonakin da ake zuba wa takin zamani da yawa. A irin wannan hali ne inji yake da rana, ko kuma a canza inda ake ɗibar ruwan sha gaba ɗaya.

Gwaji ne kaɗai zai raba gardama. Ki sa maigidanki ya tambaya a sashen ruwa da tsabtar muhalli na ƙaramar hukuma, ko ofishin RUWASSA na jiharku, wato hukumar samar da ruwa da tsabtar muhalli a karkara, ko an taɓa gwada ruwan tankin garin. In ba a yi ba, akwai ɗakunan gwajin ruwa na gwamnatin tarayya a Kano da Gombe da Minna, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna, jami'o'i ma suna yi. Tunda tanki ɗaya duk unguwa ke sha, ku haɗa kuɗi ku kai kwalba ɗaya, a duba ƙwayoyin cuta da fuloraid da dalma da naitiret, wato sinadarin da masai da takin zamani ke sakawa a ruwa. Ku fara tambayarsu yadda ake ɗibar ruwan gwajin, don na ƙwayoyin cuta yana son kwalba ta musamman kuma ba ya son daɗewa a hanya.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa miki, ki yi hankali da masu yawo gida-gida da ofisoshi suna tallar inji. Za su ce ki kawo ruwan gidanki a kofi, su tsoma wasu ƙarafa masu wuta, nan take ruwan ya koma ja ya koma baƙi-baƙi da kumfa, su ce wannan kuke sha. Ƙarya ce. Ƙarfen nasu ne yake narkewa a ciki, kuma duk ruwan da ke da ɗan gishirin ƙasa haka zai yi, har mai lafiya. Ki barbaɗa ɗan gishirin miya a ruwan da suka zo da shi ki ce su tsoma, za ki ga shi ma ya rine. Ɗan abin nan mai nuna lamba da suke tsomawa shi ma narkakken gishiri kawai yake aunawa, ba ya ganin ƙwayar kwalara ko ɗaya. Wanda kuma ya ce miki ruwan filtarsa yana maganin ciwon suga ko hawan jini ko olsa, ki sallame shi tun daga zaure. Wannan maganar tana ɓata mini rai, don na san masu ciwon da suka ajiye maganin asibiti saboda ita.

Masu kulorin ma akwai marasa tsoron Allah. Na ruwan ƙarfinsa raguwa yake yi in ya daɗe ko ya sha rana, sai ki ga an jera kwalabe a tebur tsakar rana an kankare kwanan wata. Ki duba lambar NAFDAC, ki duba ranar lalacewa, ki tabbata murfin ba a taɓa ɓalle shi ba. Ruwan leda kuma kada ki ɗauka mafita ce, a ƙananan garuruwa wani daga burtsatsen da kike gudu ake ɗura shi, ga kuɗin da zai ci miki a wata.

Bayan duk wannan, in aka juye tataccen ruwa a randa kowa yana tsoma moɗa da hannunsa, aikin ya koma baya. In kina son sanyin randa ki sa a yi miki mai ƙaramin baki da ɗan famfo a gindi, ko a ware moɗa mai dogon mariƙi a rataye ta, ba a shan ruwa da ita. Ruwan 'yan garuwa shi ma ta bokitin zai bi, ki leƙa cikin jarkokinsu ki ga gansakuka.

In kin je saye ki ɗauki na silba in da hali, na roba mai kauri ma ya yi. Ki sa a buɗe kwalin a gabanki, ki ɗaga kowane kyandir a haske ki duba tsaga, musamman inda aka manna shi da gindinsa, ki ga robobin ɗauri sun cika. Cikawar farko da ta biyu ki zubar, kada a sha. Ki kuma haɗo da kyandir biyu na ajiya masu zare iri ɗaya da na bokitinki, don a ƙaramin gari ba lalle ki samu ba ranar da kika buƙata.