Masu shirya biki daga Garwa a wani ɗaurin aure na cocin ƙauye: abin da suka iya da inda suka gaza

A Garwa, a arewacin Kamaru, ƙananan kamfanonin shirya biki sun yawaita, masu kawo rumfuna da kujeru da lasifika tare da girki da ado, amma yawancinsu sun saba da dakunan taro na cikin gari ne, inda akwai wuta da famfo da kasuwa kusa. Wanda na duba a nan, wata mata ce ke jagorantarsa tare da ma'aikatanta, kuma mun ɗauke su ne domin auren 'yar ƙanwata da aka yi a wani ƙaramin coci na Lutheran a wani ƙauye da ke tsakanin Ngong da Lagdo, kudu da Garwa. Danginmu Kiristoci ne masu magana da Hausa, asalinmu daga wajen Mubi, kuma muna da 'yan uwa Musulmi da dama. Ango kuwa Batupuri ne, daga cikin iyalan da suka sauko daga yankin Arewa Mai Nisa zuwa kwarin Binuwai neman ƙasar noman auduga da masara. Haɗa waɗannan gidaje biyu a ƙarƙashin rumfa ɗaya ba tare da wani ya ji an tauye shi ba, shi ne ainihin aikin da muka biya kuɗi a kai, kuma da shi nake auna su.

Abin da ya fara burge ni shi ne uwar kamfanin ba ta zo mana da shiryayyen tsari ba. Ta zauna da iyayen amarya a Garwa, sannan ta hau mota ta je ƙauyen ta zauna da dattawan gidan ango da fasto, ta dawo da takarda mai ɗauke da abin da kowane ɓangare ya ce ba zai yarda a bari ba. Namu ya ƙunshi lalle da jeren kayan ɗaki da kai gara. Nasu ya ƙunshi rawar gurna, wato rawar gargajiyar Tupuri, da gaisuwar dattawa, kasancewar sun riga sun cika sadaki, wanda a al'adar Tupuri da shanu ake biyansa. Ita ce kuma ta tuna mana da batun rajistar aure a ofishin magajin gari tun da sauran lokaci. A ƙarƙashin dokar Kamaru kan rajistar haihuwa da aure da mutuwa, ana liƙa sanarwar aure wata guda kafin ranar, kuma ana rubuta a takarda ko auren na mace ɗaya ne ko na fiye da haka. Cocinmu ba ya sa albarka sai an nuna wannan takarda. Ba aikinta ba ne a ƙa'ida, amma da ba ta yi magana ba, da an sa rana an kuma ɗage ta.

Wurin da suka fi nuna ƙwarewa shi ne abinci, kuma a nan ne nake ganin kuɗinmu ya halatta. Tun da aka ambaci cewa akwai baƙi Musulmi, sai ta ce a bar mata zancen yanka, ta zo da mahauci Musulmi daga Ngong wanda ya yanka sa da awaki da asuba a gaban wakilan gidajen biyu, ta yadda babu wanda ya riƙa leƙa kwano yana tambaya. Ba ta kawo girkin otal ba. An tuƙa tuwon dawa da na masara a manyan tukwane a kan murhun duwatsu a bayan coci, aka yi miyar yakuwa da gyaɗa, wadda a nan aka fi sani da folere, da miyar kuka, da shinkafa domin mutanen gari, sannan aka soya kifin tafkin Lagdo da aka sayo a bakin ruwa a safiyar ranar. Miyar yakuwar ta yi tsami daidai, ba a kashe ta da kanwa ba, kifin kuma ya soyu har ciki ba tare da ya bushe ba. Mafi muhimmanci, ba ta kori matan ƙauyen daga madafa ba, kamar yadda masu irin wannan sana'a suka saba yi. Ta ba ƙannen mahaifin ango mata ragamar tuwo, ma'aikatanta suka riƙe miya da rabo. Na ji lokacin da ta ce wa babbarsu, “Mama, ke kika san hannun mutanenki, ki gaya mini kwano nawa za a kai gindin bishiyar dattawa.” Wannan magana kaɗai ta kashe wata rigima da na daɗe ina hangowa.

Batun burkutu, wanda ake kira bilbil, ta warware shi cikin hikima. Coci ba ya yarda da shi a harabarsa, wasu daga dangin ango kuma ba sa ganin biki ya cika in babu shi, don haka aka bar shi a wani gida can gefen ƙauye a matsayin harkar masu gidan, a rumfa kuwa zoɓo da kunun gyaɗa da lemon kwalba kawai aka raba.

Adon cocin ba shi da yawa, kuma hakan ya dace da ginin, wanda na bulon ƙasa ne da rufin kwano. An yi amfani da atamfar ankon dangin biyu wajen lulluɓe bagade da ƙofar shiga, aka jera ƙoren da aka yi wa zane cike da dawa da gyaɗa da auduga a gefen hanyar da amarya za ta bi. Furannin roba da suka ƙara a kan tagogi ne kawai ban ga amfaninsu ba, domin hazo da ƙurar hunturu sun dusashe su kafin a fara sujada. An yi karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa da Tupuri, wa'azi da Fulatanci tare da fassara zuwa Faransanci, matan zumunta suka shigo da amarya da kiɗan tulu da caki, bayan an tashi kuma masu gurna suka ja da'irarsu a fili riƙe da sanduna. Masu shirya bikin sun tsara lokutan yadda babu wanda ya shiga na wani.

Sai dai a fannin na'urori sun ba mu kunya. Ƙauyen ba shi da wutar da za a dogara da ita, sun kuma san haka tunda sun je sun gani, amma janareta ɗaya tak suka kawo, tsoho, ba tare da na ko-ta-kwana ba. Ya mutu daidai lokacin da ango da amarya suke yin alkawari, har mutanen da suka cika rumfar waje ba su ji komai ba, sai da aka aika yaro a babur ya nemo makaniki. Ƙanƙarar da aka ɗauko daga Garwa ta narke kafin azahar, saboda a buhuna aka zubo ta, don haka lemon ya zama ɗumi. Kujerun ma sun kasa, ko da yake a nan ba zan ɗora musu laifin duka ba, domin a ƙauye ba a zuwa biki da katin gayyata, duk wanda ya ji kiɗa baƙo ne. Amma mai wannan sana'a ya kamata ya faɗa wa mai biki hakan tun farko, ya ba shi shawarar ƙara tabarmi da bencuna.

Lissafin kuɗi shi ne abu na biyu da ya ɓata mini rai. Mun yi ciniki da baki, muka tura kafin alƙalami ta Orange Money, sai bayan biki aka kawo mana ƙarin kuɗin motar ɗaukar kaya da man janareta da na masu ɗebo ruwa daga rijiyar burtsatse, waɗanda muka ɗauka suna cikin jimla. Da na yi magana, ta ce, “Kawu, ai hanyar ƙauye ba ta shiga farashin gari,” ta yafe kuɗin man saboda matsalar da aka samu, sauran kuwa muka biya. Duk wanda zai ɗauke su zuwa wajen gari, ya sa a rubuta sufuri da mai da ruwa da itace a takarda kafin ya ba da ko sefa ɗaya, ya nemi a kunna janaretan a gabansa, ya kuma tanadi na biyu daga wani wuri. Ya fi kyau a sa ranar tsakanin Disamba da Janairu, lokacin da hanya ta bushe, an gama girbi, kuma zafin Maris da Afrilu bai sauko ba, amma a kama su da wuri, domin a watannin nan ne kowa ke nemansu.