Asibitin da bai yi wa ƙodar Hajiya garaje ba

Mun kwantar da mahaifiyata a wani asibiti mai zaman kansa da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, bayan cutar mafitsara ta bi jininta. Shekarunta sun haura 70, ga ciwon suga. Ɗakin kwanciya ba yabo ba fallasa. Yadda suka kula da ƙodarta ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Jentamaisin likita ya zaɓa, allurar kashe ƙwayoyin cuta mai arha da ƙarfi, amma tana taruwa a ƙananan bututun ƙoda ta lalata su, musamman ga tsoho, mai suga, ko wanda ruwan jikinsa ya ƙafe. Kafin a zuƙi allurar sai da aka ɗora Hajiya a sikeli, aka ɗibi jini aka auna kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa. Da nauyinta da wannan sakamakon aka lissafa adadin maganin. Sau ɗaya a rana ake yi mata, don ƙoda ta samu sararin fitar da na jiya, kuma ƙarin ruwa bai yanke ba.

Da aka zo ɗibar jini karo na biyu na nuna damuwa, don kuɗin gwaji ya fara nauyi, kuma ina ganin jakar fitsari tana cika a gefen gado. Likita ya ce, "Malam, kada fitsarin nan ya ruɗe ka. Wannan maganin yakan ci ƙoda alhali fitsari na zuba kamar kullum. Jini ne kaɗai ke tona shi." Ya ƙara da cewa ɓarnar takan bayyana ne bayan kwana 5 zuwa 7, shi ya sa ba sa barin allurar ta daɗe. Wallahi wannan bayanin ya fi mini komai. Da sakamakon gwajin ƙwayar cutar ya fito, sai suka sauya mata magani mai sauƙi ga ƙoda.

Wata nas kuma ta hango diklofenak a ledar ƙanwata, wanda Hajiya ta saba sha don ciwon gwiwa. Ta karɓe shi cikin ladabi, ta ce, "Mama, wannan da allurarki ba sa haɗuwa, farasitamol za mu ba ki." Kowace safiya tana tambaya ko kunne na ƙara ko jiri na ɗibarta, domin jentamaisin kan yi wa kunne lahani.

Inda suka gaza: sakamakon gwaji yakan kai yamma bai fito ba, har lokacin allura ya gabato ana jira. Ga maganin da adadinsa ya dogara da wannan takarda, jinkirin ba ƙarami ba ne. Kuma ba kowane mai jinya ake zaunarwa a yi wa bayani ba, sai wanda ya tambaya.

Da aka sallame mu an rubuta mana ranar dawowa a sake auna kiriyatinin. Mun koma, ya fito daidai, alhamdulillahi.