Wane Littafin Tarihin Sahabbai Ya Kamata Ka Saya?

Wani ɗalibina na makarantar dare, tela, ya tara ɗan abin da ya samu a ɗinkin sallah ya same ni bayan Isha'i. Ya ce, "Malam, littafin sahabbai nake so in saya, wanne ya fi?" Na ce masa kai za ka karanta ko iyali za ka karanta wa? Kuma Larabcinka ya kai ina? Ya yi shiru, don a zatonsa littafi ɗaya ne ake bugawa manya da ƙanana. Mutane da yawa haka suke shiga Kasuwar Kurmi ko shagunan da ke kewaye da Masallacin Annabi a Madina, su nuna wanda bangonsa ya fi sheƙi, su dawo gida da abin da ba za su iya amfana da shi ba.

Abin da ya sa nake tsananta wannan zaɓi shi ne maganar sahabbai a wurinmu tana cikin aƙida. Duk wanda ya yi Risala a zaure ya wuce ta wurin da Ibn Abi Zaid ya ce kada a ambaci ɗayansu sai da mafi kyawun ambato, a kuma kame baki daga abin da ya shiga tsakaninsu. Aya ta 100 a Suratut Tauba ta ce Allah ya yarda da magabatan farko na Muhajirai da Ansaru. A Bukhari da Muslim Annabi (SAW) ya ce da ɗayanmu zai ciyar da zinare kwatankwacin dutsen Uhudu, ba zai kai mudun ɗayansu ba, ko rabinsa. Mutanen da wannan ne matsayinsu, bai kamata ka ɗauko labarinsu daga littafin da bai gaya maka inda ya samo shi ba.

Idan don gida ne, ko don yaro ɗan Islamiyya da ya fara tsintar Larabci, ban ga kamar Suwar min Hayatis Sahaba ba, na Abdurrahman Ra'afat al-Basha, malamin adabi ɗan Siriya da ya rasu a 1986. Sahabbai 65 ya kawo, kowanne a 'yan shafuka, rubutun da wasali, kalmomi masu wuya kuma an fassara su a ƙasan shafi. Za ka iya gama sahabi ɗaya tsakanin Magariba da Isha'i. Akwai ɗan'uwansa ƙarami da ya keɓe wa sahabbai mata, ka haɗa da shi idan kana da 'ya'ya mata, kai ko da ba ka da su. Wanda ake yawan jera shi da shi a kanta shi ne Rijal Haular Rasul na Khalid Muhammad Khalid, ɗan Masar, mai sahabbai 60, ya fara da Mus'ab bin Umair. Alƙalaminsa yana ratsa zuciya, amma Larabcinsa ya fi nauyi, ba ya nuna madogara, kuma babu halifofi huɗu a ciki domin ya ware musu wani littafin. Idan kuɗin ɗaya gare ka, ɗauki na Basha.

Sai Hayatus Sahaba na Shehu Muhammad Yusuf al-Kandahlawi, jagoran Jama'ar Tabligi na biyu, wanda ya rasu a 1965. Sunansa ne ke ruɗar masu saye. Mutum zai buɗe yana neman babin Bilal ko na Nana A'isha ya rasa, saboda an tsara shi ne bisa darussa: kira zuwa ga Allah, mubaya'a, jure cutarwa, hijira, jihadi, ciyarwa. Labarin sahabi ɗaya yana warwatse a wurare da dama. Ga mai huɗuba ko mai wa'azi wannan tsari alheri ne, yana neman misali a kan haƙuri sai ya tarar da su jere. Sai dai akwai ruwayoyi masu rauni a ciki, ba kaɗan ba. Marubucin yakan faɗi inda ya ciro kowanne, sau da yawa har da hukuncin malamin hadisi Haisami a kan isnadin, wato jerin masu ruwayar, amma wasu bugun da wasu fassarorin suna yanke wannan ɓangaren don rage shafuka. Kada ka sayi wanda aka yi wa wannan aski. Bugun da Bashar Awwad Ma'aruf ya yi wa tahƙiƙi, wato ya tantance rubutun da madogararsa, mujalladi 5 ne, ya fi na mujalladi 3 da aka saba gani tsada, kuma ya cancanci bambancin.

Ɗalibin ilmi kuwa, wanda zai riƙa duba suna yana tantancewa, a gaban manya uku zai tsaya. Al-Isti'ab na Ibn Abdil Barr ne mafi tsufa a cikinsu. Bamalike ne mutumin Ƙurɗuba, ya rasu a 463 bayan Hijira, kuma duk wanda ya san sharhinsa na Muwaɗɗa ya san ba ƙaramin malami ba ne. Littafin yana da daɗin karatu, sai dai sunaye da yawa sun kuɓuce masa, kuma Ibnus Salah ya yaba shi sannan ya kama shi da laifin kawo rigingimun da suka auku tsakanin sahabbai daga bakin masu labarai. Usdul Gaba na Ibnul Asir, wanda ya rasu a 630, ya haɗa littattafai huɗu da suka gabace shi, na Ibn Manda da Abu Nu'aim da Ibn Abdil Barr da Abu Musa al-Madini, yana sa wa kowannensu harafi a matsayin alama. Sunayensa sun haura 7,000, jerinsu bisa haruffa ya tsaru sosai, neman mutum a ciki ba ya wahala.

Amma da za a ce in ɗauki ɗaya in bar sauran, Al-Isaba na Ibn Hajar al-Asƙalani zan rungume. Ya rasu a 852, ya ga aikin duk waɗanda suka riga shi, kuma sunayen da ya tattara sun haura 12,000. Shi ne ya daidaita ma'anar da ake yawo da ita a yau, cewa sahabi shi ne wanda ya haɗu da Annabi yana mai imani da shi kuma ya mutu a kan Musulunci. Sannan ya raba kowane harafi kashi huɗu, kuma nan ne kuɗinka yake. Kashi na farko waɗanda sahabancinsu ya zo ta ruwaya. Na biyu yaran da aka haifa a zamanin Annabi, ya yi wafati ba su kai wayo ba. Na uku waɗanda suka riski jahiliyya da Musulunci amma ba su sadu da shi ba, kamar Najjashi sarkin Habasha da Uwaisul Ƙarni. Na huɗu waɗanda aka sa cikin sahabbai bisa kuskure, wani saboda an juya harafi a sunansa, wani saboda suna ya faɗi daga isnadi. Don haka ganin suna a cikin Isaba bai isa ka ce sahabi ne ba, sai ka duba a wane kashi yake. Na sha ganin ɗalibai sun yi tuntuɓe a nan. Uƙba bin Nafi'u ma, wanda tarihi ya ce ya kai har Kawar a arewacin Nijar ta yau, an haife shi ne a zamanin Annabi, kuma Ibn Abdil Barr ya ce sahabancinsa bai tabbata ba.

Ga gwajin da nake yi wa kowane littafi a shago, a tsaye. Ina neman Sa'alaba bin Haɗib. Kusan kowa ya taɓa jin labarin a tafsirin azumi: talakan da ya roƙi addu'ar arziki, tumaki suka yawaita, ya bar jam'i, ya hana zakka. Ibn Hajar ya ce ba ya zaton labarin ya inganta, ya kuma yi shakkar a ce Sa'alaban da ya halarci Badar ne ake nufi. Mutum ne daga cikin ɗari uku da 'yan kai da suka tsaya ranar Badar, ake jifansa da munafunci a kan lasifika shekara da shekaru. Littafin da ya kawo labarin bai ce uffan ba, ina mayar da shi kanta.

Ɗabaƙat na Ibn Sa'ad, wanda ya rasu a 230, ya fi duk waɗannan kusa da zamanin, ya jera mutanen Badar a gaba sannan na bayansu, ya rufe da mata. Ya dogara sosai da malaminsa Waƙidi, wanda malaman hadisi suka raunana, kuma tsohon bugun Dar Sadir yana da giɓi, bugun Maktabatul Khanji ya fi cika. Siyaru A'alamin Nubala na Zahabi kuwa, bugun Mu'assasatur Risala mujalladi 25 ne, sahabbai suna cikin ukun farko. Ka buɗe na ɗaya za ka ga Abu Ubaida bin Jarrah ne a gaba, babu Sayyidina Abubakar, domin Zahabi ya wadatu da abin da ya rubuta kan halifofi a Tarikhul Islam, daga baya ne aka ciro shi aka haɗa a wasu bugun. Idan sahabbai kawai kake nema, wannan kaya ya fi ƙarfin buƙatarka.

Wanda ransa ya ja shi ga kisan Sayyidina Usman da yaƙin Jamal da na Siffin, kada ya fara da Tarihin Ɗabari. Ɗabari da kansa ya faɗa a gabatarwa cewa ya isar da abin da aka ba shi ne, nauyin yana kan masu ruwaya, kuma cikinsu akwai Abu Mikhnaf da Saifu bin Umar, waɗanda malaman hadisi suka raunana. Mai wannan buƙata ya fara da Al-Awasim minal Ƙawasim na Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, a gaban malami. Ƙaramin bugun da ke yawo da ta'aliƙin Muhibbuddin al-Khaɗib yanki ne kawai na littafin.

In ka yanke shawara, kada kunyar mai shago ta hana ka zama ka duba. Na taɓa sayen saiti a kwali, sai a gida na ga mujalladi na uku sau biyu, na huɗu babu, kuma canjin ya ɗauke ni watanni. Ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Bi shafuka da babban yatsa, don bugun da aka ɗauka a hoto yakan zo da farare a tsakiya, ko ɗigon haruffa ya goge, kuma a littafin sunaye ɗigo ɗaya yana mayar da Hubaib ya koma Khubaib. Duba ko ɗinki ne ko gam, na gam ba ya wuce zafin bazara biyu. Tabbatar akwai sunan mai tahƙiƙi da fihirisa. In fassarar Hausa ce, nemi sunan mai fassara da na littafin da ya fassaro, wadda ba ta da su ka bar ta. Kafin ka fita ma, ka leƙa Maktaba Shamila, rumbun littattafan Larabci da ke intanet, ka karanta shafi biyu, ka ji ko Larabcin daidai kai ne.

Telan nan Suwar ya saya, da ƙaramin na mata. Bayan mako biyu ya tare ni a ƙofar masallaci yana ba ni labarin Abdullahi bin Huzafa a gaban sarkin Rum, ya ce sau uku yaransa suka sa ya maimaita musu. Sauran kuɗin ya ce ajiye su zai yi, in Larabcinsa ya ƙara ƙwari mu je tare mu ɗauko Isaba.