Haɗin kwamfutar ya yi kyau, amma katin girafik ɗin da suka sayar min ya ɓata komai

Yaron da ya haɗa min kwamfutar gem a wani shago da ke titin Ahmadu Bello Way ya san aikinsa, wannan ba zan tauye masa ba. Kuɗin hannuna ba su da yawa, kuma duk wanda ya leƙa kasuwar kayan kwamfuta a Kaduna kwanan nan ya san inda dala ta kai farashi. Na je da niyyar ɗaukar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Ryzen 5 5600G saboda yana da girafik, abin da ke fitar da hoto, a jikinsa. Shi ya ce, "Yaya, tunda kati za ka saya daban, ɗauki 5600 zalla, ya fi ƙarfi a wasa." Na bi shawararsa. Ya haɗa min da madabod B450 na hannu, wato faifan da ake jona dukkan kayan a kai, RAM ta DDR4 sanda biyu masu 8GB kowacce, da SSD. Da madabod ɗin ya ƙi ganin furosesar, bai ce in sayi wani ba. Ya ɗauko tsohon Ryzen ya saka, ya sabunta BIOS, manhajar da ke cikin madabod ɗin, ya mayar da nawa, ko kwabo bai ƙara min ba. A ranar har na fara tura wa abokaina kwatancen shagon.

Katin girafik kuwa hannun maigidan ya bi, kuma nan ne labarin ya canza.

RX 580 mai 8GB na tambaya, na hannu, domin shi ne abin da talaka ke iya kaiwa idan yana son buga GTA V da eFootball a 1080p ba tare da hoto yana tsayawa ba. Ya ɗauko shi a kwali, fankoki biyu suna sheƙi, ya rantse min kaya ne mai tsafta, kuma ya karɓi cikakken kuɗin 580. Da na kunna a gida na buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin girafik, sai na ga 2048 a wurin da ya kamata in ga 2304, wato yawan ƙananan injinan sarrafa hoto da ke cikin katin. RX 580 na ainihi da AMD ta fitar a 2017 yana da 2304. Mai 2048 shi ne wanda ake kira 2048SP, an yi shi don kasuwar China a 2018, kuma in ka duba cikinsa RX 570 ne da aka sa wa sunan yayansa. Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuɗinsu ma ba ɗaya ba ne. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne zafi. Ban jima da shiga wasa ba ya haura digiri 85, fankoki suna ihu, a lokacin kuwa ko zafin Maris bai kankama ba. Wani abokina a Tudun Wada da ke gyaran waya ya kwance shi, muka tarar man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen sanyaya ya bushe ƙamas, ƙura ta toshe ciki duk da goge wajen da aka yi. Tun da Ethereum, kuɗin intanet da ake haƙowa da katin girafik a da, ta daina amfani da haƙa a Satumbar 2022 irin katunan nan da suka sha wuya dare da rana wajen haƙar suka cika kasuwa, kowa ya sani, mai shago ya fi kowa sani.

Na koma na nuna masa hoton abin da GPU-Z ya nuna a wayata. Ya ce, "Haba Malam, ai 580 ce, duba kwalin mana." Na ce Alhaji, ba kwali na saya ba. Ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa. Wallahi abin da ya ƙona min rai ba kuɗin ba ne kawai, yadda yake magana ne kamar ni ne ban fahimci abin da na gani da idona ba. Da ya ce min tun farko 2048SP ne ya rage wani abu, da na karɓa da hannu biyu, domin katin ba wai ba ya wasa ba ne. Bayan an sa masa sabon mai zafin ya sauka, eFootball na tafiya sumul. Amma ni an karɓi kuɗin doki an ba ni jaki.

Daga ƙarshe da wani maƙwabcinsa a layin ya sa baki, ya yarda in bar katin zai nemo min GTX 1660 Super in cika ragowar. A nan shawarar yaron ta juyo kaina, duk da ban ga laifinsa ba: 5600 ba shi da girafik a ciki, don haka da aka cire kati allo baƙi ƙirin yake, ko takarda ba zan iya bugawa ba. Kwamfuta sabuwa tana zaune a ɗaki na rufe ta da zane saboda ƙura. Na kira, gobe. Na sake kira, kaya na hanya daga Legas.

Yanzu da nake tunani ma, fawa sufulai ɗin, akwatin da ke ba kwamfuta wuta, da maigidan ya fara turo min ba shi da suna, an rubuta 650W a jiki amma ba shi da nauyi ko kaɗan a hannu. Yaron ne ya yi min ido, na ƙara kuɗi na ɗauki 550W mai shaidar 80 Plus Bronze ta tattalin wuta. Da yadda wuta ke hawa da sauka a unguwarmu, wancan da tuni ya tafi da madabod ɗin.

RAM da SSD da haɗawa, zan iya komawa wurinsu saboda yaron. Katin girafik kuwa ba zan ƙara karɓa a shagon nan ba sai an jona shi a gabana, an buɗe GPU-Z na karanta lambar, an bar wasa ya yi gudu na ga zafinsa. Haka zan yi wa 1660 Super ɗin ma ranar da ya iso, kuma in bai iso ba zuwa ƙarshen wata kuɗina zan je karɓa.