Kundin O'Neill na 1903: ya isa a tsamo taken kishin ƙasa daga cikinsa?

Francis O'Neill ɗan yankin Cork ne a Ailan, ya yi ƙaura zuwa Amurka har ya zama shugaban 'yan sandan Shikago daga 1901 zuwa 1905. A 1903 ya fitar da kundinsa, O'Neill's Music of Ireland, mai ɗauke da karin kiɗa 1,850. Makaɗan da aka gayyata bikin 17 ga Maris, ranar Waliyyi Patrick, ko na 4 ga Yuli a Amurka, sukan fara leƙa shi in suna neman abin da za su kaɗa. Yana biyan buƙata, sai dai mai saye ya san abin da ba zai samu a ciki ba.

An jera kundin ne bisa salon kari: masu tafiyar hawainiya a gaba, sai na O'Carolan, tsohon makaɗin Ailan, sai na rawa irin su jig da reel da hornpipe, na fareti a can baya. Babu babin kishin ƙasa, babu baitoci, babu alamar da mai jita zai bi. Sai mutum ya riga ya san sunan abin da yake nema. Kuma duk abin da ya biyo bayan 1903 babu shi, wato waƙoƙin boren da 'yan Ailan suka yi wa mulkin Birtaniya a 1916 da taken ƙasar Ailan kansa, wanda aka amince da shi a 1926.

Babban haɗarin shi ne kundin ba ya gaya maka tutar wa kari yake ɗauke da ita. The Boyne Water yana da daɗi a kunne, amma yana tuna yaƙin 1690 da Sarki William ya ci, kuma 'yan Orange na Arewacin Ailan, masu goyon bayan zama cikin Birtaniya, su ne ke fareti da shi. A kaɗa shi gaban masu kishin Jamhuriyar Ailan, biki ya lalace. Garryowen na birnin Limerick ne, amma a Amurka take ne na rundunar doki ta 7 ta kwamanda Custer, wadda ta far wa sansanin 'yan Cheyenne a Washita a 1868. In akwai 'yan asalin ƙasar Amurka irin su Cheyenne a zaure, a bar shi. Saint Patrick's Day kuwa ba ya tayar da ƙura, ya dace a buɗe da shi.

Inda kundin ya fi amfani shi ne a karin da gidajen biyu, Ailan da Amurka, suka gada tare. Soldier's Joy, The Girl I Left Behind Me da The Red-Haired Boy duk suna ciki, kuma masu goge na tsaunukan Apalaciya a Amurka sun san su tun kaka da kakanni. A ƙara Eighth of January daga waje, wanda ke tuna yaƙin New Orleans na 1815, an sami na ɓangaren Amurka.

Wajen jerawa, murya, wato key irin su D ko G, za a duba kafin ma'ana. Mai banjo na salon old-time, kiɗan gargajiyar Apalaciya, yakan sake ɗaurin tsirkiya duk lokacin da murya ta canza: gDGBD don G, aDADE don D. Saboda haka a haɗa na D wuri guda, Soldier's Joy da Eighth of January, a kaɗa kowanne sau uku, sannan mai magana ya ɗan ja lokaci kafin a koma G. In aka sarƙa na D da na G a jeri ɗaya, mai banjo zai yi shiru ko ya fita daga murya. Sarewar kwano ta D tana ɗaukar D da G lafiya lau, kuma The Red-Haired Boy, ko da yake a A yake, ba ya neman a toshe rabin ramin sarewar. Abin da ya sauka ƙasa da D ɗin sarewar, a ɗaga shi zuwa muryar sama.

Rubutun kansa yana da aibi. Sajan James O'Neill, abokin aikin Francis, shi ne ya rubuta karin daga abin da ya ji, kuma an daɗe da gano kurakurai a alamar murya ta wasu. In kari ya yi tsami a kunne, a gwada C ko F maras kaifi kafin a zargi yatsu. Hornpipe ɗin da ke ciki kuma da ɗan ɗingishi ake kaɗa shi a Ailan, su kuwa 'yan old-time miƙe suke tafiya da shi da sauri. Dole a daidaita wannan tun a wajen gwaji.

Akwai bugun Miles Krassen na 1976 da aka yi wa kwaskwarima don masu goge, amma ya sauya kari da yawa. Mai son na asali ya nemi bugun da aka kwafo daga na 1903. Wanda kuma kiɗan rawa kawai ya dame shi, ƙaramin kundin O'Neill na 1907 mai kari 1,001 ya ishe shi, ya kuma fi sauƙin ɗauka.