Sharhi kan faifan Wembley da na Bucharest: rangadin Michael Jackson a cikin falo

Na sayi faifan DVD guda biyu na wasannin Michael Jackson a lokaci ɗaya, ɗaya na wasan da ya yi a filin Wembley na birnin Landan ranar 16 ga Yuli, 1988, ɗayan kuma na wasan Bucharest, babban birnin Romaniya, ranar 1 ga Oktoba, 1992. Na kalli kowanne fiye da sau uku kafin in zauna rubuta wannan sharhi, domin ra'ayina a kallon farko ya sha bamban da wanda na tsaya a kansa daga baya.

Abin da ya sa na nemi su biyun tare shi ne, duk da girman sunan mawaƙin, sau uku kacal ya yi rangadin duniya shi kaɗai ba tare da 'yan uwansa ba. Na farko, wato rangadin Bad, ya fara a Tokyo cikin Satumba 1987, ya ƙare a Los Angeles cikin Janairu 1989, bayan wasanni 123 a ƙasashe 15. Na biyu, rangadin Dangerous, ya tashi daga Munich ta Jamus a Yuni 1992, aka katse shi a birnin Mexico cikin Nuwamba 1993 bayan wasanni 69, lokacin da mawaƙin ya sanar cewa zai nemi magani saboda dogaro da ƙwayoyin rage zogi. Faifan Wembley da na Bucharest su ne cikakkun wasannin da aka fitar a hukumance daga waɗannan rangadi biyu, saboda haka duk wanda bai halarta ba, ta nan zai auna abin da ake faɗa.

Zan fara da aibin faifan Wembley, tunda shi ne abin da ido zai fara cin karo da shi. Hoton ba shi da kyau. An fitar da faifan ne a 2012, lokacin cikar kundin Bad shekara 25, kuma an ɗauko hoton daga kaset ɗin bidiyo da aka yi wa mawaƙin domin ya riƙa duba wasansa. Duk wanda ya yi zamani da kaset ya san yadda launi ke zuba a cikinsa, da yadda fuska ke dusashewa idan kyamara ta ja baya. A babbar talabijin ta yanzu wannan rauni yana ƙara fitowa fili, musamman a wuraren da fitilun dandamali suka koma ja ko shuɗi. A daren farko har na ji kamar na yi asarar kuɗina.

Sautin ne ya sauya mini tunani. An gyara shi daga ainihin naɗin da aka yi a filin, kuma da na haɗa na'urar da manyan lasifiku sai wasan ya zama wani abu dabam. Mawaƙin yana da shekara 29 a lokacin, kuma mafi yawan waƙoƙin da bakinsa yake rera su yana cikin rawa, har ana jin numfashinsa yana sarƙewa a ƙarshen baiti, ana jin inda ya ja murya fiye da yadda take a kundi, da inda ya bar wa 'yan amshi su cike masa gurbi kafin ya dawo. Cikin 'yan amshin akwai Sheryl Crow, wadda daga baya ta yi suna da kanta, ga kuma Jennifer Batten riƙe da gita. Sashen da ya fi taɓa ni shi ne inda ya koma waƙoƙin ƙuruciyarsa na zamanin Jackson 5, ƙungiyar da ya yi da 'yan uwansa, ya rera su da muryar babban mutum, mutane kusan 72,000 suna amsa masa. Daren yana ɗaya daga cikin wasanni bakwai da ya yi a Wembley a wannan shekara, waɗanda suka tara mutane 504,000, kuma shi ne daren da Yarima Charles da Gimbiya Diana suka halarta. An ƙara wa faifan ɗan abin da aka ɗauka a Yokohama ta Japan a 1987, wanda ya ba ni damar ganin yadda wasan yake a farkon tafiyar kafin a sake masa tsari.

Faifan Bucharest kuwa tun daga minti na farko yake nuna cewa an yi shi ne domin talabijin. Tashar HBO ta Amurka ce ta nuna wasan a Oktoba 1992, kuma hoton ya fi na Wembley nesa ba kusa ba. Shigowar mawaƙin ita kanta abin kallo ce: ana cillo shi daga ƙarƙashin dandamali, ya dira, ya tsaya ƙyam na tsawon mintuna ba ya ko motsi, filin kuma yana neman tsagewa da ihu. Idan mutum ya tuna cewa ba a cika shekara uku da faɗuwar mulkin kama-karya na Ceausescu, tsohon shugaban Romaniya, ba, zai fahimci dalilin da ya sa fuskokin matasan Romaniya suke yadda suke a wannan dare. Rawar ta fi tsari, kayan wasan sun fi yawa, an kuma rufe da mutumin da ya tashi sama da na'ura goye a bayansa.

Sai dai abubuwa biyu sun rage mini daɗinsa. Na farko, waƙoƙi da dama ba a take ake rera su ba, mamin ne, kamar yadda mutanen fim ɗinmu ke kiran motsa baki a kan muryar da aka riga aka naɗa, kuma kunnen da ya saba da faifan Wembley ba zai kasa ganewa ba. Ina yi masa uzuri, domin irin wannan rawa ba ta barin huhu ya yi aiki biyu, amma uzurin bai mayar mini da muryar da na rasa ba. Na biyu, masu tace hoton sun cika yanke rawar suna komawa kan 'yan kallo masu kuka da waɗanda ake ɗauke da su a sume. Sau da yawa ƙafarsa na tsakiyar wani taku da nake son gani sai a ɗauke kyamarar, kuma wannan ya fi dusashewar hoton Wembley ɓata mini rai.

Abin da ya rage mini a zuciya shi ne rangadi na uku, wato HIStory, wanda ya fara a Prague cikin Satumba 1996, ya yi wasanni 82, kuma shi ne cikin rangadin uku ya kawo mawaƙin dandamalin Afirka, a Tunis cikin Oktoba 1996, sannan Cape Town da Johannesburg da Durban, inda aka rufe ranar 15 ga Oktoba, 1997. Wannan rangadi bai samu faifai irin waɗannan biyu ba. Wasanni 50 da aka shirya masa a zauren O2 na Landan kuwa bai kai gare su ba, domin ya rasu ranar 25 ga Yuni, 2009, makonni kaɗan kafin a fara.

Wanda kuɗinsa bai wuce na faifai ɗaya ba, shawarata ya ɗauki na Wembley, ya kalle shi a ƙaramar talabijin idan yana da ita domin raunin hoton ya ɓuya, ya kuma tabbatar ya haɗa lasifiku masu kyau. Na Bucharest shi nake sakawa idan baƙi sun zo suna son ganin rawa, amma na Wembley ne har yanzu yake cikin na'urata.